Kaucin Lemun Inna

Ranar da Zinariya ta fara ganin Kailani, a tsugune ta same shi a tsakiyar lambun kakanninta, yana kafa turaku yana ja musu igiya kamar wanda ya zo rabon gado. Ta sauke ƙwaryar lallen da ke kanta, ta riƙe ƙugu.

"Malam, wa ya mutu aka bar maka wurin nan?"

Ya ɗago. Dogo ne, baƙi, da ƙasa har gwiwar hannu. Ya miƙe ya karkaɗe tafukansa a natse, abin da ya ƙara mata haushi ke nan.

"Babu wanda ya mutu. Amma in aka bar lambun nan haka, shi zai mutu. Sunana Kailani. Malam Nagoda ne ya aika a kira ni."

"Mahaifina ya kira ka ka ba da shawara, bai kira ka ka ɗaure mana bishiyoyi kamar awaki ba."

Ya dubi igiyar, ya dube ta, ya yi murmushi. Ita kuwa ta ɗauki ƙwaryarta ta wuce, tana jin haushin kanta, domin har ta kai bakin rijiya murmushin nan bai fita daga idonta ba.

Lambun Ɗantsoho ya girmi unguwar da ke kewaye da shi. Tun kafin Turawa su yanka filayen Tudun Wada a bayan ganuwa, tun kafin jirgin ƙasa ya fara kuka a Zariya, rimayensa da dabinansa suna nan tsaye. Ɗantsoho, kakan Malam Nagoda, shi ya haƙa rijiyar, ya kafa jigo, ya shuka tsamiyar da yanzu mutum uku ba sa iya rungume ta. Sai dai tsufa ya kama wurin. Hanyoyin ruwa sun toshe, inuwa ta danne fangulan albasa, bishiyoyi suna fure su zubar. Idon Malam ya yi rauni, 'ya'yansa maza sun bi aikin reluwe, komai ya dawo kan Zinariya: ita ke raba wa masu ban ruwa aiki, ita ke sallamar masu sarin lalle, ita ke korar awakin sababbin maƙwabta. Da Malam ya ji labarin wani saurayi da ya koyi tsara lambu a Zungeru, wanda yanzu yake shirya wa Turawan bariki nasu, sai ya aika masa.

Makonnin farko faɗa suka yi ta yi. Shi yana son hanya miƙaƙƙiya daga ƙofa zuwa rijiya, ita ta ce hanyar da ƙafar kakanta ta fitar ba za ta miƙe don wani ya zo daga Zungeru ba. Ta ce kada a taɓa ɓauren bakin shinge, shi ya nuna mata yadda saiwarsa ke fasa bangon rijiya. Wata rana ita ce da gaskiya, wata rana shi, kuma duk ranar da gaskiyar ta faɗa wajensa sai ta wuni ba ta ci abinci da daɗi ba.

Ta sa masa suna Mai Igiya. Shi kuma yana ce mata Uwar Lambu.

Abin da ya fara sanyaya mata jiki shi ne tambayarsa. Kafin ya taɓa wuri sai ya ce, "Uwar Lambu, wannan wa ya shuka ta?" Ta ba shi labari, ya saurara kamar mai ɗaukar karatu. A ƙarshe hanyar ta miƙe har rabi, sannan ta lanƙwasa ta zagaye tsamiyar Ɗantsoho. Ruwa ya fara gudu a fangula. Zinariya ta fara yafa gyalenta mai kyau in za ta lambu, tana gaya wa kanta wai ɗayan ya yi datti.

Kulu ƙawarta, mai kai wa ma'aikata fura, ita ta zama 'yar aike. Ta zo ta tsaya a gabanta tana kwaikwayon muryarsa:

"Wai in ce miki, yau ya auna lambun nan kusurwa zuwa kusurwa, bai sami wurin da ya kai inda kika tsaya jiya kyau ba."

Zinariya ta taɓe baki. "Ki ce masa igiyarsa ce gajera." Ta juya baya don kada Kulu ta ga fuskarta.

Akwai bishiya ɗaya da bai tambaya ba, kuma ita ce ta jawo komai.

A gefen rijiya akwai lemun tsami da mahaifiyar Zinariya ta shuka shekarar da aka kawo ta amarya. Da ta rasu, a gaban kowa Malam ya ce lemun nan na Zinariya ne, ita kaɗai. A lambu irin wannan ƙasa tana da mai ita, kowace bishiya ma tana da nata, kuma ba a ɗora wa bishiyar wani ƙarfe sai da izininsa. Kauci ya mamaye lemun, wannan tsiron da ke fitowa a kan reshe yana shanye ruwan jikin bishiya. Zinariya tana ganinsa, amma hannunta bai taɓa iya ɗaukar adda a kan abin da Innarta ta bari ba.

Wata safiya cikin bazara ta shigo ta tarar da lemun tsirara. An sare duk reshen da kauci ya kama, saura kututture da 'yan rassa ƙalilan. Kailani yana gefe yana goge zartonsa, har da fara'arsa.

"Na yi sammako ne don kada rana ta..."

"Wa ya ba ka?"

"Malam ya ce duk abin da na ga ya dace..."

"Malam yana da ƙasa. Lemun nan nawa ne. Na Innata ne." Ba ta yarda hawaye ya zubo a gabansa ba. "Ka tambaye ni tarihin kowace ƙaya a lambun nan, sai wannan ce ba ka tambaya ba? Ka kwashe igiyarka daga gabana."

Fara'ar ta ɓace daga fuskarsa. Ya ɗauki zartonsa ya bar wurin.

Ta daina yi masa magana. In yana gabas tana yamma. Kulu ta yi ta safa da marwa har ta ce ƙafarta ta gaji.

"Ya ce, Zinariyata, saran da na yi ba na nadamarsa, don kauci ya kusa kashe lemun. Rashin tambayarki nake nadama. Na ɗauka kyauta zan yi miki, ashe ɓarna na yi a zuciyarki. Ki hukunta ni yadda kika so, amma ki bar ni in ci gaba da ba lemun ruwa."

"Ki ce masa ruwa na Allah ne, ban hana kowa ba. Kuma ni ba Zinariyar kowa ba ce."

Kullum da yamma yana jan jigo da hannunsa ya kai wa kututturen ruwa, ya shafe wuraren saran da laka. Tana leƙensa ta bayan lalle, tana cika tana batsewa. Da ruwan farko ya sauka, 'yan tofo jajaye suka ɓullo a jikin rassan, sannan suka yi kore shar. Rabon lemun da irin wannan ganye tun Inna tana da rai. Zinariya ta tsaya a gabansa ta yi kukan da ta hana kanta, ba ta san yana bayanta ba.

"Na yafe maka," ta ce da ta ji motsinsa, ba tare da ta juyo ba. "Amma ko ciyawa za ka cire a gindinsa, ka tambaye ni."

"To ina da tambaya tun yanzu, Uwar Lambu. In na turo magabatana wurin Malam, za ki kore su kamar awakin maƙwabta?"

Ta ja gyale ta rufe fuska. "Turo su ka gani, Mai Igiya."

Magabatan suka zo da goro, Malam ya karɓe su hannu biyu, ya ce zai yi shawara. Shawarar ce ta kai kunnen Sabo.

Sabo ɗan maƙwabcinsu ne, dillalin gyaɗa, mai son babbar riga da turare. Ya daɗe yana zuwa zance ƙofar gidan, Zinariya tana aika masa cewa kanta na ciwo. Da ya ji an kusa ba wani baƙo, ya zo ya durƙusa a zauren Malam da fuskar mai jaje.

"Baba, da idona na gani. Da asuba ya hau lemun, shi kaɗai, ba ya magana da kowa. Ya tsinke kaucin nan kaf ya zuba a buhu, ko ganye ɗaya bai bari a ƙasa ba. Kuma lemun wa? Nata. Yarinyar da ko gaisuwarsa ba ta amsawa, yanzu ita ce ke cewa sai shi. Baba, ai ba sai an faɗa ba."

Ba sai an faɗa ɗin ba kuwa. Duk ƙasar Zazzau an san abin da ake cewa game da kauci: wai a tsinko shi da asuba, a jiƙa a yi wanka, a ambaci sunan wadda ake so, sai ta biyo mutum kamar raƙumi da akala. Malam Nagoda mutumin littafi ne, ba abin da ya tsana kamar tsubbu. Shekara da shekaru ya hana a cire kauci a lambunsa don kada a ce gidansa ne kasuwar asiri. Ga shi kuma tsoron abin ya fi ƙinsa yawa a ransa.

Ya sa aka kira Kailani. Zinariya tana laɓe a bayan ƙofar zaure.

"Don me ka yi saran da asuba?"

"Don kada rana ta ƙona wurin da aka sare, Baba."

"Don me ka kwashe shi a buhu?"

"In na bar shi, tsuntsaye za su ci 'ya'yan su kai wa sauran bishiyoyi. Niyyata in ƙone shi."

"Ka ƙone?"

Kailani ya sunkuyar da kai. Zinariya ta ƙara manna kunne a ƙofa.

"Ban ƙone ba. Wani ya roƙe ni na ba shi, na kuma yi alkawari ba zan faɗi sunansa ba. Amma wallahi ban yi komai da shi ba."

"To riƙe alkawarinka, ni ma in riƙe 'yata. Kada ƙafarka ta sake taka lambuna."

Daga ranar gidan ya mai da Zinariya majinyaciya. Da safe a kawo mata rubutu ta sha, da yamma a turara mata hayaƙi. Matan unguwa su shigo su zauna suna kallonta da tausayi, suna sannu, sannu, Allah ya raba ki da shi. In ta yi shiru a ce abin ne ya danne ta. In ta ce tana son Kailani, a kaɗa kai a ce kun ji ko, ba ita ke magana ba. Wannan shi ya fi komai ƙona mata rai. Da an ce ba za a ba ta shi ba don baƙo ne, ko don ba shi da dukiya, da ta san da abin da take faɗa. Amma a dube ta a ce son da ke cikin ƙirjinta ba nata ba ne, na wani ganye ne da aka jiƙa a ƙwarya?

Ta sami mahaifinta a kan buzunsa, ta durƙusa.

"Baba, ka ba ni rijiya, ka ba ni ma'aikata, ka ba ni lambun kakanka, ban taɓa jin ka ce hankalina bai isa ba. Sai yau da na ce ga wanda nake so, shi ne hankalin ya gushe?"

"Tashi ki shiga ciki, 'yata. Ba laifinki ba ne."

Ta tashi. Da ya zage ta da ya fi mata sauƙi.

Shi ma Kailani bai tsira daga fushinta ba. Ta aiki Kulu: "Ki ce masa alkawarin da ya yi wa wani ya fi wanda ya yi mini nauyi ke nan? Ana shayar da ni rubutu kamar mai taɓin hankali, shi yana can yana riƙon amana."

Amsa ta dawo: "Hasken idona, in na karya alkawari yau don in same ki, gobe da me za ki yarda da wanda zan yi miki? Wanda na ba buhun ya yi tafiya. Ki ƙara mini haƙuri. Lemun yana son a sassabe gindinsa, kada ciyawa ta rufe shi."

"Ji mutum," in ji Zinariya. "Ana maganar aure yana maganar ciyawa." Amma da yamma ta ɗauki fartanya ta je ta sassabe.

Ana cikin haka aka ce Gwaggo Hajo, ƙanwar Malam, za ta dawo daga Dutsen Abba inda ta je wankan jegon 'yarta. Aka sa Zinariya share mata ɗaki. Tsintsiya ta ci karo da wani abu a ƙarƙashin gado. Ta jawo shi. Buhu ne, saura rabi, cike da busasshen kauci, an ɗaure bakinsa da farar igiyar da ko cikin barci za ta gane ta.

Gwaggo Hajo tana shigowa, ko mayafi ba ta cire ba, ta ga buhun a tsakar ɗaki da Zinariya zaune a kansa.

"Gwaggo, sannu da hanya. Wannan fa?"

Tsohuwar ta dubi ƙofa, ta rage murya. "Ke, rufa mini asiri. Na ga yaron zai cinna wa dukiya wuta, na ce ya ba ni, kada ya gaya wa Yaya. Mene ne a ciki?"

Zinariya ta kwashe komai ta gaya mata, tun daga korar Kailani har rubutu da hayaƙi. Fuskar Gwaggo ta yi ta canzawa. Da aka zo kan sunan wanda ya kai ƙara, sai ta miƙe tsaye.

"Sabo? Sabon gidan Mahmudu? Ɗauko buhun nan ki biyo ni."

Suka tarar da Malam a zaure, Sabo a gefensa yana yi masa fifita, don tun da aka kori Kailani kullum yana nan. Gwaggo ta jefa buhun a gabansu.

"Yaya, ga kaucinka. Ni na karɓa a hannun yaron, ka yi mini faɗan daga baya. Amma ka taɓa ka ji, rabi ne. Ka tambayi mai yi maka fifita ina sauran."

Maficin ya tsaya cak.

"Tun ranar da aka sare shi Sabo ya bi sawun buhun har ɗakina. Ya yi ta zarya yana cewa Gwaggo ki taimake ni, na lemunta ne, shi zai fi kama ta. Kafin in tafi na ɗebar masa wanda zai ishe shi wanka har kaka. Duk Tudun Wada babu wanda ya yi wanka da kaucin nan sai shi."

Sabo ya fara in-ina, yana neman takalminsa da ƙafa. Zinariya ba ta ko dube shi ba. Ta durƙusa a gaban mahaifinta.

"Baba, in da ganyen nan yana juya zuciya, da yanzu ina bayan Sabo ina kuka. Ga shi nan, ya jiƙa ya yi wanka har ya gaji, ni kuwa ko muryarsa na ji kaina ke ciwo. Wanda ya sare kaucin kuma, ranar da ya sare na tsane shi kamar in mutu. Da hankalina na yi fushi da shi, da hankalina na yafe masa, da hankalina nake son sa."

Malam ya miƙa hannu. Ya laluba ya taɓa buhun, ya taɓa igiyar, sannan ya ɗora hannu a kan 'yarsa.

"Na ce ba na yarda da tsubbu, ashe na yarda da ganye na ƙi yarda da ke. Ki yafe mini, Zinariya." Ya juya wajen ƙofa. "A kira mini yaron nan. Hajo, ke kuma ki cinna wa wannan abu wuta, yanzu, ina jin ƙaurinsa."

Ko da aka waiga, Sabo ya bar maficin a ƙasa ya yi gaba.

Bayan an yi girbi aka sa rana. Kailani ya dawo lambu, ranar farko ya tsaya nesa da lemun, hannu a baya.

"Uwar Lambu, ina neman izini. Lemun ya yi 'ya'ya kaɗan a reshen gabas. In tsinko?"

"Ba naka ba ne, Mai Igiya. Matsa." Ta miƙa hannu ta tsinko da kanta, 'yan ƙanana, ba su cika tafi ba. Ta shinshina, idonta ya kawo ruwa. "Ka san me za a yi da su?"

"Sai kin faɗa, Zinariyata."

Wannan karon ba ta gyara masa sunan ba.

Ranar kamu, Gwaggo Hajo ta daka lallen lambun, ta matse waɗannan 'yan lemun a ciki don ya kama da kyau, ta ƙunsa wa amarya hannu da ƙafa. Da aka kwance, ya yi ja har ya kusa baƙi, mata suna ta cewa ba su taɓa ganin lalle ya kama haka ba. Zinariya ta zuba wa tafukanta ido. Ita kaɗai ta san Innarta ta zo bikin.

An ɗaura aure a zauren da aka kori ango, a kan buzun da aka yanke masa hukunci. Kafin a tafi da amarya, Malam Nagoda ya sa aka kawo su gabansa. Ya riƙe hannun Kailani da aiki ya sa ya yi kanta, ya riƙe na 'yarsa mai ƙamshin lalle da lemu, ya haɗa su.

"Ƙasa tawa ce, na ba ku riƙonta. Lemu nata ne, kai ka sani. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuriya mai jin ƙanku, ya sa ku ga jikokinku suna wasa a inuwar abin da kuka shuka."

Zaure ya amsa da amin. A ƙarƙashin mayafi Zinariya ta damƙe yatsun Mai Igiya, ita ma ta ce amin.